Sharhi kan Winetricks: aiki yake kamar wasa, har sai ka iso kan dotnet48

Duk wanda ya ɗan jima yana gudanar da manhajojin Windows a kan Linux ya san girka Wine, manhajar da ke ba da damar yin hakan, ba shi ne wahalar ba. Wahalar tana farawa ne lokacin da manhaja ta ƙi buɗewa, ka koma tagar umarni ka tarar da layin da ya fara da `err:module:import_dll Library MFC42.DLL`, ya ƙare da `not found`, a ƙasansa kuma ga lambar c0000135. Abin da ake nufi shi ne manhajar tana neman wani fayil na DLL, wato laburaren da manhajojin Windows suke dogara da shi, Wine kuma ba shi da shi. Tun 1993 masu Wine suke sake rubuta laburaren Windows da hannunsu, sun kuma yi nisa ƙwarai, amma akwai waɗanda ba su taɓa ba, irin su MFC, akwai kuma waɗanda aikinsu bai kammala ba. Wannan giɓin ne Winetricks yake cikewa.

Zan fara da abin da ya burge ni, domin ya cancanci yabo. Winetricks ba wata babbar manhaja ba ce, dogon rubutun umarni ne guda ɗaya wanda Dan Kegel ya fara, daga baya Austin English ya karɓi riƙonsa. Ka rubuta `winetricks -q mfc42`, shi ne zai sauko da fayil ɗin daga inda yake, ya tantance shi da lambar SHA256, ya warware shi da cabextract, ya ajiye DLL ɗin a inda ya dace, idan akwai buƙata kuma ya rubuta a rajista, wato ma'ajiyar saitunan Windows, cewa a fifita na Windows a kan na Wine. Wanda ya taɓa yin wannan da hannu, yana kwafar DLL daga shafukan da ba a san asalinsu ba, shi ya san darajar wannan layi guda. Haka `corefonts` yake kawo Arial da Verdana da Times New Roman da sauransu, rubutun da ya cakuɗe a allon manhaja ya miƙe nan take. Haka `d3dx9` yake ciro abin da ake buƙata kawai daga ƙunshin DirectX na Yunin 2010, ba tare da ya jibga maka DirectX ɗin gaba ɗaya ba, wanda kan lalata fiye da abin da yake gyarawa. Duk abin da ya sauke yana ajiye shi a `~/.cache/winetricks`, don haka karo na biyu ba ya sake cin data.

Ko laburaren Visual C++ ma, da suke rikita sababbin shiga, abin yana da tsari idan ka san lambobin. Idan kuskuren ya ambaci msvcr90, to `vcrun2008` ake nema. Idan msvcr100 ne, `vcrun2010`. Na 110 shi ne `vcrun2012`, na 120 kuma `vcrun2013`. Duk abin da ya ƙare da 140, ko msvcp140 ne ko vcruntime140, gida ɗaya ne tun daga 2015, saboda haka `vcrun2022` kaɗai ya wadatar. Kada ka ɗora 2015 da 2017 da 2019 a kansa, fayiloli iri ɗaya suke takawa, Winetricks ma zai ce maka sun ci karo da juna. Abin da kan faru a nan shi ne saƙon `SHA256 mismatch`. Ba wai an yi maka kutse ba ne a mafi yawan lokuta, masu fayil ɗin ne suka sabunta shi a adireshi ɗaya, lambar da ke cikin tsohon Winetricks ɗinka kuma ta daina dacewa. Sigogin Winetricks da kwanan wata ake sa musu suna, kamar 20240105, don haka `winetricks --version` zai nuna maka tsufan naka. Wanda yake zuwa daga ma'ajiyar Debian ko Ubuntu yakan kasance a baya sosai. Ka sabunta shi da `--self-update`, ko ka ɗauko sabo daga GitHub, ka goge tsohon fayil ɗin daga ma'ajiyar wucin gadi, ka sake gwadawa. Na fi son wannan hanyar a kan tsallake tantancewar da `--force`, domin tantancewar nan ita ce kaɗai kariyarka daga gurɓataccen fayil.

Da a nan aka tsaya, da ba ni da abin cewa sai sambarka. Amma yawancin manhajojin ofis da na lissafi da na injiniya da mutane suke son ɗorawa a Wine da .NET Framework aka gina su, kuma a nan ne Winetricks yake ƙona min rai.

A ido, `winetricks -q dotnet48`, umarnin girka .NET Framework 4.8, daidai yake da sauran umarnin, kalma ɗaya ce. A ƙarƙashi kuwa jerin matakai ne da kowanne ya dogara da na gabansa. Da farko sai ya cire Wine Mono, wato madadin .NET da Wine yake zuwa da shi. Dole ne a cire shi, saboda Mono yana rubuta wa rajista cewa akwai .NET a na'urar, mai girkawa na Microsoft kuma idan ya ga haka sai ya ce an riga an girka, ya fita. Daga nan sai ya koma baya ya girka dotnet40, fayil mai kimanin megabait 48, bayan ya mayar da akwatin Wine ɗin, wato foldar da Wine yake ajiye Windows ɗinsa na kwaikwayo a ciki, ya zama kamar Windows XP. Dalilin wannan shi ne mscoree.dll, ƙofar da kowace manhajar .NET take bi. A Windows na baya-bayan nan fayil ɗin wani ɓangare ne na tsarin kansa, mai girkawa ba ya ajiye shi kai tsaye, amma idan ya zaci XP ne sai ya ajiye. Bayan haka sai a ɗaga akwatin zuwa Windows 7, domin .NET 4.8, wanda ya fito a 2019, ba ya yarda da XP, idan kuma ya ga Windows 10 sai ya ɗauka yana cikin tsarin tun asali. Sai a ƙarshe a saita mscoree ya zama na Windows. Dabarar tana da kyau, na yarda, kuma wanda ya gano ta ya yi aiki. Matsalar ita ce mai amfani ba a gaya masa komai daga cikin wannan ba, kuma idan mataki ɗaya ya karye a tsakiya, ba a mayar da akwatin yadda yake.

Karyewar kuma tana da siffar da duk mai amfani da Wine zai gane. Tagar umarni ta cika da layukan `fixme`, ɗaruruwa, waɗanda yawancinsu ba su da wata illa, alama ce kawai ta wani aiki da Wine bai kammala rubutawa ba. Sai komai ya tsaya cak a kan saƙon da ke cewa ana gudanar da `wineserver -w`, kuma zai jira har sai duk wani aikin Wine da ke cikin akwatin ya rufe. Babu ma'aunin ci gaba, babu ƙiyasin lokaci. Mutum ba zai iya bambance girkin da yake tafiya a hankali da wanda ya maƙale ba, ga shi dotnet48 ko lafiya lau yake yana ɗaukar lokaci mai tsawo. Abin da ya fi riƙe shi shi ne mscorsvw.exe, wani aikin bayan fage na .NET da yake harhaɗa laburare don su yi saurin buɗewa, wanda a Wine wani lokacin ba ya rufe kansa. Hanyar ganewa ita ce ka buɗe wata tagar ka duba da `top` ko `htop`. Idan msiexec ko ngen suna cin ƙarfin na'ura, ana aiki, ka ƙyale su. Idan komai ya kwanta, mscorsvw.exe ne kaɗai ya rage ba ya motsi, to kashe shi kaɗai yakan sa Winetricks ya ci gaba. Wannan ya fi danna Ctrl+C nesa ba kusa ba.

Ctrl+C ɗin nan shi ne babban tarko, kuma shi ne abin da kowa yake yi idan ya gaji da jira. Da ka katse, za ka samu akwatin da aka cire wa Mono, aka girka masa rabin .NET, aka kuma bar shi yana ɗaukar kansa Windows XP ko Windows 7. Manhajar da a da take buɗewa da Mono, ko da da ɗan tangarɗa, yanzu ba ta buɗewa sam. Wata manhajar daban da ke cikin akwatin, wadda ba ruwanta da .NET, ita ma ta fara cewa Windows ɗinka ya tsufa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ka ce bari ka sake gudanar da umarnin, mai girkawa ya tarar da ragowar na farko ya shiga yanayin gyara ko ya fita da kuskure. Ka ƙara `--force`, ya ɗora sabon rabi a kan tsohon rabi.

A nan ne na fi jin haushin abin: Winetricks ba shi da umarnin cire laburaren da ya girka. Akwai `list-installed`, wanda yake karanto fayil ɗin winetricks.log da ke cikin akwatin ya jera maka sunayen abin da aka sa. Akwai `wine uninstaller`, wanda yake cire abin da ya yi rajistar kansa kawai, ya bar DLL ɗin da aka kwafa da saitunan fifiko a inda suke. Sai kuma `annihilate`, wanda yake share akwatin gaba ɗaya da duk abin da ke ciki. Tsakanin jeri da sharewa babu komai. Kayan aikin da yake taɓa rajista da system32 a kowane umarni, a ce ba ya ɗaukar kwafin ajiya kafin ya fara, ba ya ma tambayar ko kana so, wannan rashi ne babba, kuma ba na ganin uzurinsa.

To amma sai a faɗi gaskiya, akwai hanyar da dotnet48 yake shiga lafiya a mafi yawan lokuta, kuma idan an bi ta, abin da ake samu yana da ban mamaki. Sirrin shi ne sabon akwati, .NET kuma ya zama abu na farko da zai shiga. Ka ƙirƙiri akwatin haka:

`WINEPREFIX=~/wine/lissafi WINEDLLOVERRIDES="mscoree=" wineboot -u`

Sai dai ka tabbata foldar `~/wine` tana nan tukuna, domin Wine ba ya ƙirƙirar uwar folda da kansa. Wancan saitin na mscoree yana hana Wine tambayar girka Mono tun farko, ka ga babu abin da za a cire. Ka jira wineboot ya gama sarai. Sannan:

`WINEPREFIX=~/wine/lissafi winetricks -q dotnet48`

Harafin `-q` yana da muhimmanci a nan, domin tagogin mai girkawa da tambayarsa ta a sake kunna kwamfuta suna daga cikin wuraren da ake maƙalewa. Kada ka buɗe wata manhajar Wine a akwatin yayin da ake aikin, ko winecfg ne, wato tagar saitunan Wine, saboda wineserver zai zauna jiran ta. Idan ya gama, ka leƙa `drive_c/windows/Microsoft.NET/Framework/v4.0.30319` ka ga ko akwai clr.dll. Wannan ya fi duba rajista tabbas, tunda Mono ma yana rubuta lambar siga a can. Daga nan ka buɗe winecfg ka duba wane Windows aka bar ka a kai. Tun daga Wine 9.0 sabon akwati da Windows 10 yake farawa, amma wasu sigogin Winetricks suna barin sa a Windows 7 bayan girkin. `winetricks win10` zai mayar da shi. Abu na ƙarshe, kafin ka sa komai a ciki, ka tsayar da Wine da `wineserver -k` ka kwafi akwatin da `cp -a`. Wannan kwafin shi ne umarnin cirewar da ba a ba ka ba, kuma shi ne tushen duk wani akwatin .NET da za ka buƙata nan gaba, ba sai ka sake zaman jira ba.

Idan aka yi haka, manhajojin da Mono ya kasa ɗauka sukan buɗe su yi aiki kamar a gidansu, kuma a wannan lokacin mutum yakan yafe wa Winetricks abubuwa da yawa. Ina kuma ba da shawarar a fara gwada manhajar da Mono kafin a taɓa dotnet48, domin Mono ya inganta sosai, da yawa ba sa buƙatar komai bayansa. Haka nan a duba da kyau wane .NET ake nema. Idan manhajar ta ce .NET 6 ko .NET 8, wannan wani abu ne daban da Framework, `dotnetdesktop6` ko `dotnetdesktop8` ake sawa, kuma su ba su da wannan doguwar sarƙar.

Ɓangaren wasanni ba zan daɗe a kansa ba, domin yana aiki. `winetricks dxvk` yana sa DXVK, wanda yake juya umarnin zanen hoto na Windows, wato Direct3D 9 da 10 da 11, zuwa Vulkan da ke aiki a Linux, bambancin sauri kuma a fili yake. Sharaɗinsa yana wajen Wine ne: tun daga DXVK 2.0 sai direban katin hoto mai Vulkan 1.3. Idan wasan na 32-bit ne a Wine na gargajiya, mai dogara da laburaren Linux na 32-bit, sai an sa direban Vulkan na 32-bit shi ma, wato a Debian da Ubuntu `dpkg --add-architecture i386`, sannan `libvulkan1:i386` da `mesa-vulkan-drivers:i386` ga masu katin AMD ko Intel. In babu su, baƙin allo za ka gani ko wasan ya rufe kansa, ka yi ta zargin Winetricks alhali ba laifinsa ba ne. `DXVK_HUD=1` zai nuna sunan katin da saurin hoto a kusurwar allo, ka tabbatar DXVK ɗin ne yake aiki. Masu Steam kuma Protontricks ne nasu, domin Proton, wato Wine ɗin da Steam yake amfani da shi, yana ajiye akwatin kowane wasa a wurinsa daban.

Wani ɗan abu da yake ceton lokaci: idan kana shakkar wane DLL aka ɗauka, na Windows ko na Wine, ka gudanar da manhajar da `WINEDEBUG=+loaddll`. Kowane layi zai ƙare da `native` ko `builtin`. Idan kuma lambar kuskuren c000007b ce, ba c0000135 ba, to fayil ɗin yana nan amma an cakuɗa 32 da 64. A akwatin 64-bit, system32 na fayilolin 64 ne, syswow64 kuma na 32, akasin yadda sunayen suke sa mutum ya zata. Kada kuma a taɓa sauya ntdll ko kernel32 ko user32 ko gdi32 da na Windows, su ne ginshiƙin Wine kansa. Kada a gudanar da Wine ko Winetricks da sudo, fayilolin akwatin za su koma mallakar root, Wine kuma ya ƙi buɗe shi daga baya.

Maganar 32 da 64 ɗin nan ce ta dawo min da ɓacin raina, kuma ita ce ta hana ni ba shi cikakken yabo. Kusan kowane umarni a akwatin 64-bit sai Winetricks ya gargaɗe ka cewa ƙunshi da yawa na 32-bit kaɗai suke girkawa, idan ka samu matsala ka sake gwadawa a tsabtataccen akwati na 32-bit. A kan dotnet48 ma sai ya ƙara da cewa mai yiwuwa na 32 ya fi aiki. Shekara da shekaru amsar ita ce `WINEARCH=win32` a lokacin ƙirƙirar akwati, kuma a lokacin kaɗai, domin ba a juya akwatin da aka riga aka gina. Amma Wine 9.0, a Janairun 2024, ya zo da sabon tsarin WoW64 da yake gudanar da manhajojin 32-bit ba tare da laburaren Linux na 32-bit ba, Arch Linux kuma ya koma kansa a 2025. Ci gaba ne mai kyau, ya rage tarin fayilolin i386 da ake jibgawa. Sai dai a irin wannan ginin, ka rubuta `WINEARCH=win32`, Wine ya amsa maka cewa ba a goyon bayan haka a yanayin wow64. Ka ga kenan kayan aiki yana ba ka shawarar da Wine ɗin da ke na'urarka ba zai bari ka bi ba. Tsofaffin akwatunan 32-bit da mutum ya sha wahalar ginawa kuma sai an sake su daga tushe.

Ga mai manhajar zamani wannan ba komai ba ne, ya yi watsi da gargaɗin ya ci gaba. Wanda abin ya shafa shi ne mai tsohuwar manhajar ajiye bayanai da take buƙatar `jet40` ko `mdac28`, ko wadda aka gina da `dotnet11`. Waɗannan Winetricks yana ƙin girka su a akwatin 64-bit ƙiri-ƙiri, kuma irin waɗannan tsofaffin manhajojin su ne dalilin da ya kawo mutane da yawa wurin Wine tun farko. Idan kuma ka je neman taimako, masu Wine suna so a gwada matsala a tsabtataccen akwatin da ba a sa masa DLL na Windows ba kafin a kai rahoto. Na fahimci dalilinsu, ba za su iya gyara fayil ɗin da ba su suka rubuta ba, amma mai amfani ya rage a tsakiya: manhajarsa ba ta buɗewa sai da laburaren, da laburaren kuma rahotonsa ba shi da ƙarfi.

Mafitar da ta rage wa irin wannan mutum ita ce ya ajiye gini na biyu na Wine, na gargajiya mai ɓangaren 32-bit, a wata folda daban, ko ya bar Lutris ko Bottles, manhajojin da ke kula da ginin Wine daban-daban, su riƙe masa shi. Winetricks yana bin duk Wine ɗin da aka nuna masa, don haka sai a sa `WINE=` da cikakken adireshin wancan ginin a gaban umarnin, tare da `WINEPREFIX` da `WINEARCH=win32`. Abin lura kawai shi ne kada a buɗe wannan akwatin da babban Wine ɗin da ke girke a na'urar ko sau ɗaya, kuma laburaren Linux na 32-bit su kasance a girke, wato multilib a buɗe a `/etc/pacman.conf` ga masu Arch, ko i386 ga masu Debian da Ubuntu.